Saniyar da Ta Hana Hamma Dawowa Gida

Tun da na dawo daga Yamai ban ci goro cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a ɗakin malamai na makarantarmu ta Batsari, tambaya. In na shiga kasuwa, tambaya. Har mai gyaran kekena sai da ya riƙe mini taya, ya ce ba zai mayar da ita ba sai na gaya masa ko da gaske ne burodin can ya kai tsawon sanda. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta, wanda bai iya karatu ba ya zo ajina in koya masa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mu Fulanin wata ruga ne kusa da Runka, mu biyu Inna ta haifa maza: wana Hammadi, da nake kira Hamma, da ni Sambo. Ni aka kama aka kai boko, shi aka bar wa sanda da shanu. A shekarun farin nan ya kora garkenmu arewa, wajen surukansa, yana zaton can an fi samun ciyawa. Ruwa bai zo ba. Shanun suka ƙare kaf, na Baffa mahaifinmu har da na Inna. Kunya ta hana shi juyowa, muka shekara uku ba amo ba labari, sai da wani dillalin shanu na Safana ya ce ya hango shi a Yamai, a unguwar da aka zube waɗanda dabbobinsu suka mutu.

Lokacin tari ya riga ya kama Inna, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ta kira ni. Da yake Hamma ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Ka tafi ka zo mini da mutumin nan," in ji ta. "Ban ce ya zo da ko akuya ba. Ƙafafunsa nake so su shigo rugar nan tun idona na gani."

Ni kuwa a lokacin kaina ya kumbura. An yi mana ƙarin albashi, na sayi agogon hannu da takalmi mai ƙara, kuma na riga na gama zana hoton Hamma a zuciyata: tsumma a jiki, hannu a miƙe. Har riga da hula na sa masa a jaka, don kada ya ba ni kunya a cikin mota. Allah Ya yafe mini.

Daga Batsari zuwa Katsina a kan buhunan gero na zauna, daga Katsina zuwa Jibiya a tsakanin wani mai kaji da wani mai barci. A iyaka na fara cin karo da al'adar mutanen can. Mun isa rana ta take tsaka, sai muka tarar an rufe ofis. Wai su da azahar ba a aiki, kowa gida yake tafiya ya ci abinci ya miƙe ƙafa sai la'asar ta gabato. Na yi ta duba sabon agogona ina tsaki, ba wanda ya kula ni. Da jandarman ya dawo yana sakace haƙori, na ce bari in nuna masa ni ma ma'aikaci ne, na kwararo masa Turanci. Ya bari sai da na kai aya, sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, uwarka da wane harshe ta yi ma rarrashi kana jinjiri?"

Na ce da Fulatanci.

"To ni ban iya shi ba, kai ba ka iya Faransanci ba. Mu yi Hausa mu huta, mi kake so?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya, ya buga mini hatimi, na wuce ina jin kunnuwana sun yi zafi.

A Maraɗi na sauka gidan wani mai masaukin fatake, mutumin kirki mai yawan magana, wanda ya rantse kakarsa 'yar Ruma ce ta wajenmu, saboda haka ni ɗan ɗakinsa ne. Furarsu ta fi tamu yaji, nononta kuwa bai kai namu ba, wannan ko gaban alƙali zan faɗa. Burodin kuma gaskiya ne. Dogo ne, bayansa da tauri, kuma ba a naɗe shi a takarda, a hammata ake saƙale shi a yi ta tafiya. Na sayi ɗaya na saƙale yadda na ga suna yi, na tsaya kallon wani mai sayar da sirdi. Ko da na juyo, wata akuya ta cinye rabin da ke bayana, tana tsaye tana jiran in ƙara matsowa.

Hanyar yamma ita ce hanya. Kwana biyu muka yi a wata tsohuwar mota da ke tsayawa duk inda ta ga dama. A ɗaya daga cikin tsaye-tsayen nan wani Buzu da ke kusa da ni ya hura gawayi ya dafa shayi a 'yar buta. Ya miƙo mini a ɗan kofin da bai fi babban yatsana ba. Na kurɓa, ɗaci ya bugi ƙeyata, na yi godiya na ce ya isa. Sai na ga mutumin ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya juya mini kafaɗa. Wata tsohuwa ta zungure ni ta ce, "Ɗana, uku ake sha. Wanda ya tsaya a na fari ya ce bai yarda da mai shayin ba ke nan." Na koma na ba shi haƙuri, na shanye ukun, na ƙarshen kuwa zaƙi kamar zuma. Kafin mu rabu sai da ya ba ni dabino cike da hulata.

Bayan mun wuce Doso direba ya taka birki ba tare da motar ta lalace ba, abin da ya ba kowa mamaki. Raƙuman dawa ne guda biyar suke ƙetare hanya. Ni da na sha zana su a allo ina koya wa yara, ashe ƙarya nake zanawa. Suna tafiya a hankali, kawunansu sama da itatuwa, ko kallonmu ba su yi ba. Motar ta yi tsit, sai tasbihi kawai kake ji.

Yamai kuma ruwa ne ya fara tsayar da ni. Iyakar sanina gulbin Bunsuru da damina, sai ga kogin Kwara shimfiɗe, mutumin da ke wancan ƙetaren bai fi tsinke ba. A kan gadar na ga motar wani babban ma'aikaci ta tsaya cak tana jiran ayarin raƙuma masu ɗauke da tabarmi su wuce, direban bai ko danna ƙaho ba. Na ce a raina, da a Katsina ne da raƙuman nan sun ji zagin da ba su taɓa ji ba.

Unguwar tana da sunan Zabarmanci da na kasa riƙewa, Hausawan can dai Bukkoki suke ce mata. Sau biyu ina ratsa ta ina wucewa, don ni wahala nake nema da ido, ban gan ta yadda na zata ba. Bukkokin suna nan ta gefen gabas, na tabarma da kwali, ba zan ɓoye ba. Amma tsakiyar unguwar layuka ne a miƙe, an haƙa lambatu, an dasa 'ya'yan darbejiya, kowanne da shingen ƙaya. Ga masu buga tubali, ga rumfar teloli kekuna na ta kuka, ga injin niƙa, ga amalanken jakai ɗauke da gangunan ruwa suna fita cikin gari. Mata kuwa sai fitowa suke daga wata doguwar rumfa da ƙoren nono a kai, a jere, sun nufi gada. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kusan kowane abin sana'a da ɗan guntun jan igiya ɗaure a jikinsa: a wuyan jaki, a ƙafar keken ɗinki, har a hannun injin niƙa.

Mai injin na tambaya ko ta san wani Hammadi mutumin Najeriya.

"Hammadi mai Wule? Bi nan, inda ka ji ana yi wa saniya magana kamar amarya, nan ne."

Na same shi a tsugune yana shafa cikin wata baƙar saniya mai jan igiya a ƙaho, ita ce Wule, ga ɗan maraƙi a gefe. Ya ɗago ya gan ni. Ya fi ni ƙiba. Na rantse ya fi ni ƙiba! Muka gaisa irin tamu, ido a ƙasa, ya tambayi ruga, ya tambayi damina, ya tambayi kowa har karen maƙwabta, sai can ƙarshe ya ce, "Tsohuwa fa?" Na ce tana tari. Ya ci gaba da shafa saniyar.

A ɗakinsa na ƙasa na sauka, sabo fil, shi ya buga tubalinsa. Matarsa Dije ta kawo dambu da zogale da man gyaɗa, da wani ƙaton kifi. Ni Bafulatanin tudu, me na sani game da kifi? Loma ta uku ƙaya ta tsaya mini a wuya, na yi ta kakari, Dije na dura mini dambu, Hamma na dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun muna yara. Rigar da na kawo masa kuwa ban ko fito da ita ba.

Kashegari ya kai ni wurin shugabar ƙungiyarsu, Inna Hamsatu, wata Bazabarma gajeruwa da ta yi aikin ungozoma a asibiti har ta huta. Ƙungiyar ba ta gwamnati ba ce, kuma ba mai cin riba a cikinta. Ofishinta tabarma ce a gindin gawo. Na tambaye ta yadda aka yi wurin nan ya zama haka.

"Da farko hatsi muke rabawa," in ji ta, da Hausarta mai karkacewa. "Mata su zo su karɓa, maza su kwanta cikin bukka su juya fuska ga tabarma. Suna ci, amma suna mutuwa. Ni na karɓi haihuwa da yawa, ɗana, na san fuskar wanda ba ya son ya rayu. Sai na tara tsofaffinsu na ce, ku a daji, in shanun mutum suka ƙare, me kuke yi masa? Suka ce haɓɓanaye."

Kalmar gidanmu ce. Haɓɓanaye ita ce saniyar da Bafulatani ke ɗaura wa ɗan'uwansa da ya rasa garke. Ba kyauta ba ce, ba sayarwa ba. Za ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haifa maka, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar da uwar. Kuma ana kula da ita fiye da ta kai. Na san wannan tun ina bin maruƙa, amma ko a mafarki ban taɓa zaton za a ɗauko ta a dasa a tsakiyar birni ba.

Inna Hamsatu ta bi mahauta da 'yan kasuwa da ma'aikata gida gida, tana cewa kada su ba da sadaka, su ba da aro. Mai saniya ya kawo saniya, mai jaki jaki, mai tsohon keken ɗinki ya kawo. Saniya sai ta yi haihuwa biyu an yaye, keke kuwa sai mai riƙe da shi ya sayi nasa. Daga nan ba a mayar wa mai shi, sai a miƙa wa na gaba a unguwar, da igiyar a jiki. Na kalli layukan nan, da mutanen da aka zubar kamar shara shekara uku da suka wuce. Mu da muke taƙama da kuɗin man fetur, ban taɓa ganin abin da ya kai wannan ba.

Amma ban manta da abin da ya kawo ni ba. Wule ta yi haihuwa ɗaya, tana ɗauke da ciki na biyu. Kafin ta haihu a yaye, shekara ce cur. Innarmu kuwa ban ga alamar tana da shekara a hannu ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a gindin gawon, za a miƙa keken ɗinki daga hannun wani Buzu zuwa ga wata mata da mijinta ya rasu. Ya kwance igiyar, ya sake ɗaura ta da hannunsa, ya gaya mata inda keken ke cijewa da yadda ake lallashinsa, mata suka rangaɗa guɗa. A nan ne shaiɗan ya hau kaina. Na miƙe na gyara agogo, na ce ni ƙanen Hammadi ne, uwarmu ba ta da lafiya, saboda haka a faɗi kuɗin Wule in biya yanzu, a sallame shi mu tafi.

Guɗar ta tsaya. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Hamma kuwa ya tashi ya bar wurin ba tare da ya dube ni ba.

Wani ƙaton mutum mai jan ido ya yi dariya. Shi ne Alhaji Nomau, mahaucin da ya ba da Wule da wasu shanun.

"Hamsatu, mi na ce maki? Na ce Fulani da sun ji ƙamshin gida za su watse. Ga shi an fara. Ni ban ƙi ba, Malam, kawo kuɗinka. Amma in guda ya tafi kafin lokaci, gobe in aiko a kwance mini sauran."

Inna Hamsatu ba ta daga murya ba. Ta nuna mini wani siririn mutum a bayan taro, da 'ya'yansa mata biyu riƙe da gefen rigarsa.

"Ka ga wancan? Shi ke jiran Wule. Kuɗinka za su haifa masa maraƙi? Zauna, ɗana. Kai baƙo ne, ba mu ji abin da ka ce ba."

Na zauna. Da ƙasa za ta tsage da na shige, da agogon da takalmin duka. Ni da aka haifa a ruga, na tsaya gaban jama'a ina taya haɓɓanaye kamar buhun gishiri.

Da safe na bi Hamma bakin kogi inda yake yankar wa Wule burgu, wata ciyawar ruwa da shanu ke so. Na ba shi haƙuri. Ya ci gaba da yanka, sai can ya yi magana.

"Sambo, ran da na shigo garin nan, ko wuƙa ba wanda zai ba ni aro. Na kashe shanun Baffa, na kashe na Inna. Inna Hamsatu ta kamo igiya ta sa a hannuna gaban mutane, ta ce ta yarda da ni. Tun da aka fara, ba wanda ya saki igiya kafin lokaci. Kana so a ce ɗan Inna ne na fari?"

"In ta rasu fa kafin ka zo?"

Laujen ya tsaya. Ya dubi kogin.

"Kullum da wannan nake kwana, da shi nake tashi," in ji shi. "Ka gaya mata yadda ka gani. Kada ka ƙara, kada ka rage. In ta ce in saki, zan saki."

Ya rako ni tasha, Dije ta cika mini jaka da busasshen kifi, wai in koyi ci. Hanyar dawowa ban ga komai ba, ko an yi raƙuman dawa ban sani ba. Ina ta juya yadda zan shiga rugar nan ni kaɗai.

Na isa da hantsi. Inna na zaune a ƙofar bukkarta, ta dubi bayana kafin ta dube ni. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe labari tun daga jan igiya har wautar da na tafka a gindin gawo, ban rage ba. Ta saurara tana tari. Da na gama ta ce, "Wane launi gare ta?"

Na ce baƙa ce, da ɗan fari a goshi.

"Tana sakar masa nono?"

Na ce tana saki, har ana kai wa cikin gari.

"Kai kuma ka tashi gaban mutane ka ce za ka saye ta." Ta girgiza kai. "Bokon nan dai ya ci kuɗinsa. Da ya saki igiyar nan ya biyo ka, wallahi da ban amsa gaisuwarsa ba."

Na ji sanyi a raina, amma na san abin da maganar nan ta jawo mata. Na ce, "Inna, shekara guda ce fa."

"Na iya lissafin cikin saniya tun ba a haife ka ba."

Ta kalli turken da babu komai a kansa. Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta leƙa cikin bukka ta jawo ƙullin kayanta. Matar da ko Katsina ba ta taɓa zuwa ba.

"Kwana nawa ka ce hanyar?"

Na ce huɗu, in motar ta ga dama. Na shiga lissafa mata rana da ƙishirwa da jandarmomi da tarin da ke ƙirjinta. Ta bari na gama.

"Shi an ɗaure shi, ni ba wanda ya ɗaure ni," in ji ta. "Tashi ka nemo mana mota, Sambo. Ka ce wa direban ya ba ni gefen taga."